Bu Wening da Ƙyauren Kwata

A unguwanninmu na bakin teku a birnin Semarang, ƙofa ake dubawa a san shekarun gida. Ƙasa tana nutsewa a hankali, teku tana shigowa, masu gida kuma suna ta ƙara wa daɓe tudu, har ƙofa ta gajarce sai an sunkuya. Haka ofishin ƙungiyar injiniyoyin ruwa ya koma. Kome girman mutum, sai ya rusuna zai shiga. Mutum ɗaya ce ke shiga da kanta a miƙe, Bu Wening, don Allah bai ba ta tsawo ba, ita kuma ba ta taɓa ganin ta yi asara ba. A wajenmu "Bu" ake ce wa babbar mace don girmamawa, namiji kuma "Pak".

'Yar mai kiwon kifi ce. Tana ƙarama ta ga teku ta haɗiye tafkunan babanta ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce ita ruwa za ta karanta, ta san ta inda ake kama shi. Ta gama jami'a, ta ƙare ƙuruciyarta a gidajen injinan da ke zuƙe ruwa daga gari su mayar wa teku kayanta. Ta auri Pak Darmaji, mai saƙa kejin tsuntsaye, wanda kan ce matarsa ta fi shi jin maganar inji, shi kuma ya fi ta iya yin shiru. Da ta yi ritaya zaman gida ya gagare ta, tsuntsayen ma suka gaji da ita. Sai ta karɓi aikin da kowa a ƙungiya ke gudu, wato kula da reshen ɗalibai.

Ba zuwa ne ɗaliban ba sa yi ba. Duk farkon shekara sukan cika zauren taron ƙungiya, su jeru a kujerun baya, manya su yi ta jawabi, su kuma su yi ta tafi. In an tashi kowa ya ɗauki kwalin da aka ajiye masa, mai ruwan roba da soyayyen naɗin nan da muke kira lumpia, ya sumbaci hannun manya ya sunkuya ya fita. Daga nan sai wata shekarar, wasu sababbi. Bu Wening ta buga musu riguna. Ta raba takardun shaida masu gefen zinariya. Ta ƙara dafaffen ƙwai a cikin kwalin, sai suka fara zuwa da abokansu masu karatun shari'a.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin da ta share da hannunta, ta shafe shi da shuɗin fenti, ta sa tebur da fanka, don ɗalibai su sami wurin zama. Fankar ba ta taɓa fifita kowa ba sai ita.

Shugaban ƙungiya, Pak Harjuno, dogo ne, goshinsa ba ya rabuwa da ƙulu saboda ƙofar nan. Mutumin kirki ne, sai dai in ya riƙe makirfo yakan manta akwai gobe. Wata rana ya leƙo shuɗin ɗakin yana shafa goshi.

"Bu Wening, ina 'ya'yan naki?"

"Suna jarrabawa, Pak."

"Bara ma da na tambaya jarrabawa suke. Wace irin jami'a ce wannan?" Ya zauna a bakin tebur. "Kada ki ji haushina. A taron gaisuwar Sallah zan sanar da rufe reshen ɗalibai. Ɗakin nan kuma sito muke bukata."

"Ni na yi fentin nan."

"Ya yi kyau. Kujeru za su ji daɗinsa."

Da yammar ranar teku ta cika, baburin Bu Wening ya sha ruwa a tsakiyar titi ya mutu. Tana tsaye tana yi masa faɗa sai wata yarinya a kan nata babur ta tsaya kusa da ita ta ɗaga gilashin hular kwano. Gendis ce, ɗaliba a sashen gine-gine, wadda Bu Wening ta shaida saboda kwali biyu takan ɗauka. Suka jingina baburin a shagon wani mai faci, Gendis ta goya ta.

"'Yar nan, me ya sa ba kwa dawowa?" in ji Bu Wening ta bayan kafaɗarta.

"Karatu ne, Bu."

"Ni ma da wannan ƙaryar na kare ku ɗazu. Samo wata."

Suka wuce gada. Mai yiwuwa don ba ido da ido suke ba, Gendis ta ce, "Bu, a yi haƙuri, tafi kawai muke yi. Tafi kuwa ko a gida zan iya yi."

Ta ce za ta biya ta gidansu ta ajiye jaka. A lungun nasu ruwa ya kai idon sawu, yana ɓuɓɓugowa ta kwatar da ya kamata a ce ta nan yake fita zuwa kogi. A ɗan masallacin unguwa, liman na naɗe tabarmi ba tare da sauri ba, kamar wanda ya saba.

"Kullum haka ne?"

"Duk cikar teku, Bu. Ita ke turo kogin baya."

"Ke da kike karanta gini, me ya kamata a yi?"

Gendis ta waiga, ta ga da gaske ita ake tambaya. "Ƙyaure za a sa wa bakin kwatar. In ruwan unguwa zai fita ya buɗe, in na kogi zai shigo ya rufe."

"To yi mana."

"Ni?"

"Ni na yi ritaya. Tara 'yan uwanki masu cin ƙwai."

Washegari Bu Wening ta sami Pak Harjuno ta roƙi Asabar guda kafin taron Sallah. Ta ce manya za su zo su ga aikin ɗalibai, amma da sharaɗi: babu makirfo, babu jawabi, kuma babba ba zai buɗe baki ba sai an tambaye shi.

"Ko addu'ar buɗe taro?"

"Liman zai yi. Ya fi ka taƙaitawa."

Ya yi dariya ya yarda, don a ransa ya san babu ɗalibin da zai zo.

Sun zo. Gendis ta janyo wani siririn abokin karatunta, Tegar, shi kuma ya janyo wasu. Suka yashe kwatar, suka auna, suka yi zane a teburin shuɗin ɗaki, suka yi musu har fanka ta ga aiki. Mai walda ya yanka musu faifan ƙarfe. Abu ɗaya ne ba su yi ba, ba su tambayi kowa kome ba. An rene su a kan yaro ba ya tare babba da tambaya, Bu Wening ma in ta leƙo sai su miƙe su yi murmushi su ce lafiya lau.

Da safiyar Asabar Bu Wening ta riga kowa zuwa, ta leƙa ramin kwatar, sai ta ga kuskure. Sun ɗaura ƙyauren ta ɓangaren unguwa, inda ya fi sauƙin tsayawa, yana buɗewa ciki. Maganar ta taho har bakinta. In ta faɗa, za su gyara su ce na gode Bu, su koma kujerun baya. In ta yi shiru, za su ji kunya a gaban manya, ɗakin kuma ya tafi. Ta tuna mijinta da tsuntsayensa, ta haɗiye. Daga baya takan ce tun da take ba ta taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan shirun ba.

Bayan azahar manya suka iso cikin rigunan atamfar batik, aka jera musu benci a gefen masallaci. Pak Harjuno ya leƙa ramin sau ɗaya, ya juyo da ido waje ya ɗaga yatsa zai yi magana. Bu Wening ta miƙa masa lumpia.

"Ci, Pak. Da zafinsa."

Teku ta kawo. Ruwan kogi ya turo ƙyauren ya buɗe shi kamar an yi masa sallama, kuma da yake an yashe kwatar fes, bai taɓa shigowa da sauri irin na ranar ba. Yara suka saki silifas suna tseren jirgi. Liman ya shiga naɗe tabarmi. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Madalla da injiniyoyi, yau ko jira ba mu yi ba."

Pak Harjuno ya sake buɗe baki, Bu Wening ta sake cika shi.

Gendis na tsaye cikin ruwa, hawaye ya ciko idonta. Ta dubi Bu Wening. Ita kuwa sai ta nuna mata shugaba da babban yatsa. Yarinyar ta ratso ruwa, ta rusuna a gabansa.

"Pak, a gafarce ni. A ina muka kuskure?"

Ya haɗiye lomar da ƙyar. Kowa ya gyara zama don an san jawabi ya zo.

"Daga ina ruwan ke turowa?"

"Daga kogi, Pak."

"Ƙyauren naku ta ina yake buɗewa?"

Tegar ne ya fara dafe kai. Sai dariya ta ɓarke, ta ɗalibai da ta manya da ta tsohuwar taga. Kafin ta lafa Tegar ya ce, "To Pak, in muka mayar da shi waje, shara ba za ta toshe shi ba?" Wata ta tambayi maganar tsatsa. Wani ya tambayi nauyin faifan. Pak Harjuno ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwa yana nuni da hannu, sauran manya suka bi bayansa, kowa da ɗaliban da suka kewaye shi. Kwalaye na ajiye a kan benci babu wanda ya waiwaye su.

Ba a iya juya ƙyaure sai teku ta janye, ga kuma sabon ƙarfe da za a yanka. Gendis ta tambaya wa zai dawo Asabar mai zuwa, hannuwa suka tashi, har da wani dogo mai jiƙaƙƙen wando.

A taron gaisuwar Sallah, bayan an bi layi an yafi juna, Pak Harjuno ya riƙe makirfo. Bu Wening ta ƙanƙame jakarta.

"Na ce shuɗin ɗaki zai zama sito, kuma ba na janye magana," in ji shi. "Yaran nan sun gano wasu lunguna masu irin wannan kwatar, suna bukatar inda za su ajiye bututu da ƙarafa. Gendis, zo ki karɓi makulli."

Daga nan ya ci gaba da jawabi har shayi ya huce, amma ranar Bu Wening ta yafe masa.

Yanzu in ka bi ta ofishin ranar Asabar za ka ji hayaniya daga baya, ka ga samari na fitowa da bututu a kafaɗa suna shafa goshi. Bu Wening na zaune a kusurwa inda fanka ba ta kaiwa, tana jira a tambaye ta. Rannan ma ta manta ba ta sa an kawo abinci ba, aka yi ta aiki har la'asar kafin Tegar ya ɗago kai daga zane.

"Bu, tambaya gare ni."

Ta gyara zama, ta share gilashinta. "Ina ji."

"Shin an daina ƙwan ne gaba ɗaya?"