Gwaggo Dakata da Motar Mai Jiniya

Kafin bas ɗin farko na ma'aikata ya taso daga unguwa, Gwaggo Dakata ta riga ta tsaya a tsakiyar mararrabar nan da ke gangaren majalisar dokoki, inda hanyar kasuwa da ta asibiti da ta tashar mota suke haɗuwa su ci kwalar juna kowace safiya. Kakinta a goge yake ƙal, domin maigidanta tela ne, kuma ya rantse ba za a ga matar tela da yamutsattsen kaya a bainar jama'a ba. Takan ajiye gorar ruwanta a gindin sandar fitilar ba da hannu, wadda ta mutu tun yaran da ke tuƙi yanzu suna rarrafe, ta zura farar safar hannu, ta gaisa da mai sharar titi, sannan ta ɗaga hannu. Daga nan babu zama sai rana ta take.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki na ba da hannu, kuma a makon nan ta yi ritaya. Direbobi ne suka raɗa mata sunan, don ba su taɓa jin wata kalma ta fita bakinta fiye da "dakata" ba. Da farko tsokana ce, daga baya ya bi ta har gida, har jikokinta ma da shi suke kiranta.

Abin da ya bambanta ta da sauran abokan aikinta shi ne yadda take hukunta mai tsallake layi. Ba ta zare wa mutum makulli, ba ta zagi, ba ta buga wa mota sanda. Idan ka baro layinka ka bi hannun masu tahowa don ka riga kowa, sai ta nuna maka gefen katangar kantin magani, ta ce ka faka. Ta leƙo ta taga ta gaishe ka da kyau, har ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Wace mota ce a gabanka kafin ka fito?" Kai da bakinka za ka faɗa. To nan za ka zauna har waccan motar ta iso, ka shiga bayanta, ka koma daidai inda ka baro. Direbobi suna kiran gefen katangar nan "aji". Babu abin da ya fi ciwo a ajin kamar waɗanda ka wuce su zo suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya, wani ya ɗaga maka hannu, wani ya ce a gaishe da malama.

Dogo direban tifa, wanda ya fi kowa maimaita ajin a zamanin ƙuruciyarsa, yakan ce da ta ci shi tara da ya fi masa sauƙi. "Tara ka biya ka manta," in ji shi. "Amma ka zauna kana kallon tsoho a akwalar mota yana wuce ka yana murmushi, wannan har ka kwanta yana ranka." Yau Dogo ko hanya babu kowa ba ya hawa hannun da ba nasa ba.

Ke ce, Gwaggo, kika koya wa mararraba guda kunya ba tare da kin ɗaga murya ba. Mun ga rana ta ƙona ki, mun ga ruwan sama ya jiƙa ki har cikin takalmi, mun ga kin tsayar da tirela da tafin hannu ɗaya don tsohuwa mai sanda ta tsallaka. Ba mu ce miki komai ba a lokacin, domin kowa sauri yake yi.

Saura 'yan watanni ta ajiye aiki aka kawo ƙudirin sufuri gaban majalisa. Ƙudiri ne babba, ya taɓo gyaran hanyoyi, da lasisin manyan motoci, da ƙara bas-bas na haya, da yadda za a rage cunkoso a birane. A cikinsa kuma an cusa wani ɗan sashe da ya ce motocin manyan jami'ai masu jiniya suna iya bin hannun masu tahowa idan hanya ta cushe, wai don kada aikin ƙasa ya tsaya. Wanda ya fi kowa kare wannan sashe shi ne shugaban kwamitin sufuri na majalisar.

Ranar da za a buɗe muhawara, layi ya miƙe tun daga mararraba har gadar kasuwa. Can sai ga jiniya, baƙar motar shugaban kwamitin ta baro layi ta hau ɗaya hannun tana tahowa, masu babur suna darewa. Gwaggo ta tako ta tsaya a gabanta, ta ɗaga hannu. A bayanta kuwa tifar Dogo ce cike da yashi, a kan hannunta na gaskiya, ta cika hanyar.

Mai tsaron lafiyar shugaban ya diro yana huci.

"Baiwar Allah, kin san ko wane ne a ciki?"

"Ban sani ba, ɗana. Sauke gilashin mu gaisa."

Gilashi ya sauka. Ta sara masa kamar yadda aiki ya koya mata, ta ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe. Wace mota ce a gabanku kafin ku fito?"

Shugaban kwamiti ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce majalisa za shi, shi zai gabatar da dokar hanya, kuma a dokar akwai izinin abin da direbansa ya yi.

"An riga an yi dokar, ranka ya daɗe?"

"Yau za mu fara."

"To in kun gama, ni da kaina zan buɗe maka hanya, har in sara maka. Yau dai ta jiya muke bi."

Direban ne ya buɗe baki a hankali ya ce motar burodi ce a gabansu. Haka shugaban kwamitin sufuri na ƙasa ya zauna a gefen katangar kantin magani, jiniya a kashe, har motar burodi ta lallaɓo ta iso. Babu wanda ya ɗaga masa hannu ranar, kowa ya kama sitiyari ya dubi gabansa, amma kafaɗu suna rawa don dariya.

Washegari ba a bar ta ta kai mararraba ba. Babban jami'insu ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa, ya ce an dakatar da ita. Mutumin ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki. Ya ce mafita ɗaya ce: ta je ofishin shugaban kwamiti ta ce kuskure ta yi, ba ta gane motar ba. In ta yi haka, magana ta mutu. In ta ƙi, za a kore ta da laifin rashin ɗa'a, ta fita ta ƙofar baya bayan shekara talatin, babu ritaya, babu sallama ta mutunci.

Ta dawo gida da rana tsaka, abin da maƙwabta ba su saba gani ba. Maigidanta yana kan keken ɗinki a zaure, ya ɗaga ƙafa daga feda da ya ga fuskarta. Ta ba shi labari tana tsaye, da ta kai ƙarshe ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta yi kuka. Ta ji tsoro ƙwarai, kada wani ya ce muku ba ta ji ba. Ta tuna ƙafafunta da suka kumbura a titi, ta tuna za a ce wa jikokinta korar kakarsu aka yi.

"Ki je ki faɗa musu abin da suke son ji," in ji maigidan. "Kalma biyu ce. Ni na san gaskiya, ke kin sani, Allah ya sani."

"Malam, Dogo ma ya sani. A gabansa aka yi."

"To sai me? Dogo ne zai riƙe mu in an kore ki?"

"In na ce kuskure ne, duk wanda na taɓa ajiyewa a gefen katangar nan zaluntarsa na yi ke nan. Na ajiye mai tasi, na ajiye mai ɗaukar marasa lafiya da ya fito babu mara lafiya, na ajiye ƙanenka. Da wane ido zan dube su?"

Tela ya daɗe yana juya zare a yatsa. Daga baya ya ce, "Ƙanena dai ya cancanta." Ta yi dariya da hawaye a fuska, shi kuma ya mayar da ƙafa kan feda. Ba ta je ofishin kowa ba.

Aka turo jami'ai biyu su riƙe mararrabar, da umarnin duk motar da ta kunna jiniya a buɗe mata. Ba laifinsu ba ne abin da ya biyo baya. Mai jiniya na farko ya hau hannun masu tahowa, motoci biyar suka manne a bayansa, mai bas ya ce shi ma ba a bar shi a baya ba. Daga can ɓangaren asibiti wani mai jiniyar ya yi irin wannan dabara, suka haɗu goshi da goshi a tsakiya, kowa yana kuka da jiniyarsa, babu mai iya ja da baya. Kafin hantsi hanyoyin nan uku sun ƙulle tamau. Haka aka yi ranar farko, haka aka yi ta biyu, abin har ya zama kamar sana'a.

Ranar da za a ci gaba da muhawara, mutanen da suka maƙale a motoci suka kunna rediyo, domin ana watsa zaman majalisa kai tsaye. Da kunnensu suka ji kakakin majalisa ya duba zaure ya ce waɗanda suka iso ba su kai adadin da za a yi zama ba, don haka an ɗage muhawara a kan cunkoson hanya, saboda 'yan majalisa sun maƙale a cunkoson hanya. Waɗanda suke wurin sun ce dariyar da ta tashi daga motoci ta fi ƙarar hon. Gwaggo tana gida tana tsintar wake, ita ma ta ji a rediyon tela, amma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Akwai masu zuwa asibiti a cikin layin nan."

A zama na gaba da yawa daga cikin 'yan majalisa a ƙafa suka ƙarasa, sun bar motocinsu a gangare, manyan riguna a kafaɗa, gumi har gwiwa. Aka yi magana a kan gyaran hanyoyi, aka yi ta ja-in-ja a kan lasisin manyan motoci, har aka iso sashen jiniya. Sai wata dattijuwar 'yar majalisa, wadda ba ta cika magana ba, ta miƙe da takalminta mai ƙura.

"Ya mai girma kakaki," in ji ta, "ba sai mun yi hasashe a kan wannan sashe ba, mun gwada shi mako guda a ƙofar gidan nan, kuma ga ƙafafunmu. Da can akwai mace ɗaya a mararrabar nan da take sa kowa ya bi layi, muna isowa a kan lokaci muna zaton jiniyarmu ce ta kawo mu. Ina roƙon a cire sashen, a kuma tambaya ina matar take."

Zaure ya ɗauki hayaniya. Shugaban kwamiti ya tashi ya kare sashensa iya ƙarfinsa, ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Da kakaki ya nemi masu goyon baya, muryoyi ƙalilan suka amsa, kamar masu jin kunyar maƙwabta. Da ya nemi masu cewa a'a, sai da lasifikar rediyo ta yi ƙara. A gangare kuwa direbobi suka kwanta a kan hon gaba ɗaya, tun daga mararraba har gadar kasuwa. Sauran ƙudirin ya wuce, sashen jiniya ya faɗi.

Shugaban kwamiti bai taɓa ba ta haƙuri ba, kuma ba ta jira ba. An dai buga waya daga ofishinsa an ce an janye ƙorafi. Babban jami'in da ya dakatar da ita da kansa ya zo har zauren tela, ya cire hula, ya ce ta koma bakin aiki gobe. Ta koma, ta ɗaga hannu, kafin rana ta yi zafi hanyoyi uku suna tafiya.

Ta cika watanninta cif. A makon nan aka sallame ta a filin ofishinsu, a gaban manya da ƙanana, aka ambaci shekarunta babu tabo ko ɗaya, aka sara mata. Ta ƙofar gaba ta fita, maigidanta a gefenta cikin rigar da ya ɗinka wa kansa musamman, yana ta gaisawa da mutane kamar shi aka yi wa ritayar. Da suka iso mararraba suka tarar direbobi sun faka sun fito, masu tasi da masu bas da masu tifa, kowa yana so ya yi mata godiya. Ta dube su, ta dubi layin da ya fara taruwa a bayansu, ta ce, "Na gode, Allah ya yi muku albarka. Yanzu kowa ya shiga motarsa, kun tare hanya."

Mun gode, Gwaggo Dakata. Ke ce kika tsaya a ranar da tsayuwa take da tsada, kina jin tsoro, kina da abin da za ki rasa, kuma ba ki ce baƙi fari ne ba don ki tsira. Majalisa ta yi doka, amma ke kika nuna mata wadda za ta yi. Allah ya hutar da ƙafafunki, ya ba ki lafiyar cin ritayarki, ya sa jikokinki su gaji wannan hali.

Mu kuma da muka rage a kan hanya, masu kaki da masu sitiyari da masu manyan kujeru, gobe da safe ba za mu same ta a tsakiyar titi ba. Duk wanda aka ba wani ɗan wuri ya tsare, ofis ne ko aji ko ƙofar asibiti, ya tsare shi yadda ta tsare nata, ya yi wa babba abin da zai yi wa ƙarami. Ta yi shekara talatin tana yi a gabanmu, babu wanda zai ce bai ga yadda ake yi ba.