Ciyawar da Baba Yake Tugewa

Ni ba mai kiwon kifi ba ne. Gilashi nake yankawa, ina haɗa tagogin almuniyam a wani ɗan shago a unguwar Maamobi. Akwatin kifin da ke falona, saboda Baba na yi shi.

Baba masunci ne, a Yeji, wani gari a bakin ruwa, ya yi ƙuruciya, a can ya tsufa. Bayan rasuwar mahaifiyarmu kansa ya fara rikicewa, sai na ɗauko shi na kawo shi wajena, ɗaki da falo a gidan haya. Ba ya faɗa, ba ya ɓarna. Fita kawai yake yi. Da zarar matata ta juya baya wajen tukunya, sai ya zura silifa ya bi gefen babban gota, wai zai je duba jirginsa. Wata rana a mahaɗar Kawukudi aka tsince shi tsaye a tsakiyar titi, motocin haya na trotro suna kauce masa. Wani direba da muke sallah a masallaci ɗaya ne ya gane shi ya kawo shi.

Maƙwabta suka ce mu riƙa kulle shi. Na gwada. Ya zauna a bayan ƙofa yana kiran sunana na yarinta a hankali, kamar mai neman izini. Ban ƙara ba.

Matata ce ta lura cewa in ta tara ruwan wanki a baho, sai ya ja kujera ya zauna yana kallo, ba ya motsi har a zubar. To, ragowar gilashi ba ya yi mini wuya. Na yanka, na manna da gam, na samo baƙaƙen duwatsu a wani wurin gini da muka sa wa tagogi. Na wanke su na jera kamar gaɓar kogi, manya a baya, ɗan yashi a gaba. Saura ciyawa da kifi.

Aka kwatanta mini wani Ba'ashante a unguwar Alajo, mai kiwon kifin ado a cikin tsofaffin firji da ya kwantar a bayan gidansa. Ya tambaye ni me ke ƙasan akwatin. Na ce duwatsu.

"To ɗauki wannan, Alhaji," ya ɗago wata mai faɗin ganye, kore shar har ta yi duhu, jijiyarta kamar ɗanyar citta. "Dutse take kamawa."

Ya faɗi sunanta na Turawa, bakina bai riƙe ba. Ban so ta ba. Ta yi mini kama da ta roba. Idona na kan wata mai tsawo kamar igiya, da wata mai gashi kamar jelar doki, irin waɗanda nake gani suna bin filafili muna yara a Yeji. Na ce su nake so, tsohon zai gane su.

"Waɗannan yashi suke so, kai kuma dutse ka tara."

"Ba ni dai."

Na haɗa da kifi, na kawo gida na dasa su. Baba ya gane su kuwa. Washegari na dawo daga sallar asuba na tarar da hannunsa cikin ruwa har gwiwa, ya tuge su tas, ya shanya a bakin taga. Ruwa ya zama kunu, kifaye sun maƙale a lungun dutse.

"Baba, me ya kawo haka?"

"Wane malalaci ne ya bar wurin nan ya rufe? Taru zai maƙale a ciki."

Na mayar da su. Ya sake tugewa. Haka muka yi ta yi, ni in dasa, shi ya tuge, ya zauna ya tsefe su ɗaya-ɗaya, ya jera, ya juya su rana ta bugi ɗaya gefen. Famfon gidanmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, a jarka nake ɗaukowa daga wani layi. Ga ciwon baya. Duk ruwan da ya dagula, a wuyana yake. Na gaji, gaskiya.

Na koma Alajo. Mutumin bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai yi murmushi, wanda ya fi faɗar ciwo. Ya ba ni mai faɗin ganyen, ya haɗa da wata siririya mai kama da gashin tsuntsu, da gansakuka kaɗan na cusawa a tsagin dutse. Ya ce kada in binne jijiyar, ruɓewa za ta yi. A ɗora ta kan dutse a ɗaure da zare, a bar ta ta kama da kanta.

Na karɓi baƙin zare wajen telan ƙofar gidanmu, na ɗaɗɗaure su tam. Da safe na laɓe ina kallo. Baba ya sa hannu, ya shafa ganyen, ya bi jijiyar da yatsa har ya taɓa dutse. Sai ya janye hannunsa ya goge a riga.

"Wannan ta dutse ce," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Ba a jefa taru a dutse. A bar wa kifi."

Na yi hamdala. Ruwa ya kwanta, ya yi garau. A hankali saiwoyi suka riƙe dutsen, zaren ya ruɓe ya faɗi da kansa. Akwati ya yi kyau har matan gida suna shigowa ɗaukar hoto da waya. Matar mai gidan, wadda ba ta taɓa yaba komai nawa ba, ta ce, "Ashe kana da kai."

Baba kuwa ya kan kalla kaɗan, sai ya fara waige-waigen ƙofa. Ban ɗauke shi komai ba.

Wata ranar Laraba ina shago matata ta kira. Ta shiga wanka ta fito babu shi. Muka rarrabu, ni na bi gota. Can ƙasa wajen unguwar Nima na hango taron mutane a kan gada suna leƙe. Yana ciki, baƙin ruwan nan har cinyarsa, yana tuge ciyawa da ledoji yana tarawa a gefe, a jere. Wasu suna dariya. Na sauka na ciccibo shi. Fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, bai ma sani ba.

"Sakar ni, ban gama ba," ya ce. "Rana za ta yi."

A asibiti aka ɗinke, aka yi masa allura. Muna zaune a benci matata ta ce, ba da faɗa ba, "Da yana tuge-tugensa bai taɓa zuwa ko ƙofa ba."

Muka mayar da shi gida.

Na bar ciyawar dutsen a inda take, na ƙara yashi a gaba, na koma Alajo na ce a cika mini leda da mai jelar dokin, ita ta fi saurin fitowa. Da zuwa ya yi yawa, mutumin ya ce, "Alhaji, akuya kake kiwo ne a ruwa?" Ƙarshe ya koya mini in riƙa renonta da kaina a bokitai.

Yanzu bokitai ne jere a bayan ɗakinmu. Matar mai gida ta ce na buɗe gonar sauro, na jefa ƙananan kifi a ciki su cinye tsutsar, duk da haka ba ta daina magana ba. Kullum kafin ya tashi nake dasawa. Ya tuge, ya tsefe, ya shanya, hantsi ya yi, ya ci koko ya yi barci. Akwatin ya koma dagulalle, ba mai zuwa ɗaukar hoto. Ƙafar ba ta gama warkewa ba, yana ɗingishi, amma ɗingishi ba ya hana shi kai wa ƙofa.

Ciyawar ba ta fitowa da saurin hannunsa. In gari ya yi kwanaki da hadari, sai ta tsaya cak. Ranar da na leƙa bokitai na ga babu abin dasawa, ba na zuwa shago. Kujera nake ja in zauna a bakin ƙofa.