Hattara da Tagar Yayarsa

Idan ka shiga layin masu kayan gini ka tambayi sunansa na yanka, sai an tsaya kallon-kallo. Kowa da Hattara ya san shi. Shekara talatin da ɗoriya yana yankan gilashi a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai fenti da mai walda, kuma duk lokacin da ya fito da gilashi a hannu, muryarsa ce ke riga shi isowa: "Hattara! Hattara dai!" Abin ya bi jikinsa. Ko kofin shayi ya ɗauko a gida zai wuce, sai ya faɗa. Matarsa kan ce ko cikin barci ka taɓa shi, da wannan kalmar zai farka.

Bai taɓa mallakar mota ba, ko babur. In an tsokane shi, sai ya ce mai mota bai san hanya ba, kwalta kawai ya sani. Shi kuwa ya san kujerar da ke kan taya a kowace bas, ya san tagar da ba ta rufuwa, ya san direban da ke taka birki kamar da gayya. Gilashin rabin unguwa a kan cinyarsa ya isa inda za shi, kuma bai taɓa fasa ko ɗaya a hanya ba. Wannan labarin ba sai ka tambaye shi ba, da kansa zai ba ka.

Doka ɗaya gare shi a sana'a: ba ya yanka gilashi da awon wani. Ka zo da takarda, ka zo da rantsuwa, sai ya je ya sa tef ɗinsa a tagar da hannunsa. An taɓa yin wani ɗan kwangila mai tumbi da ya kawo masa awon tagogi sha biyu a rubuce tsaf. Hattara ya karɓi takardar, ya gode, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya hau bas ya je ya auna. Biyu daga ciki ba daidai ba ne. Shekara goma ke nan da yin haka, har yau bai gama ba da labarin ba.

Yana da yaya mace, wadda ta girme shi da shekara goma sha biyu. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya masa ɗaurin takalmi da rufe baki in manya na magana. Na biyun dai bai kama shi ba. Aure ya kai ta wani ƙauye can kan duwatsu, inda hanya ke ƙarewa. Mijin ya rasu, 'ya'yan sun watse neman abinci, ita kuma ta ce ba inda za ta. Tana zaune tana saƙa huluna da safa na ulu, don sanyin wurin ba ya wasa. Da can Hattara kan je duk bayan wata biyu. Daga baya ya koma sau biyu a shekara. Yanzu shekara uku ke nan rabonsa da ita, kuma kullum da dalili: gwiwa, aiki, ruwa ya ɓata hanya.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Ya san in Yaya ta kira, to ta hau dutsen bayan gida ke nan, don nan ne kaɗai waya ke kamawa. Yana jin hakinta.

"Auta, iska ta cinye mini taga."

Mutum mai furfura har a gira, amma a bakinta Auta ne.

"Wace taga, Yaya?"

"Ta ɗakina mana. Na toshe da kwali, ruwa ya jiƙa shi, na sake sa wani. Ɗakin ya yi duhu, ga sanyi na shigowa ta gefe." Ta yi tari mai tsawo, ta ce ba komai ba ne.

Tarin nan ya tsaya masa a rai. Damina ta kankama, tsohuwa ita kaɗai a ɗaki mai kwali a taga. Dole a sa gilashi, kuma da wuri. Amma sai ya hango hanyar: mota uku, ga tafiyar ƙafa, wuni guda zuwa, wuni guda dawowa. A je a auna, a dawo a yanka, a sake komawa. Gwiwarsa ta ba shi shawara, shi kuma ya ɗauka.

"Yaya, ki samu zare ki auna tsawo, ki ƙulla. Ki auna faɗi, ki ƙulla. Ki ba direba ya kawo mini."

Ta ce, "To."

Matarsa na gefe tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta dube shi. "Malam, kai ne kuwa? Ko an canza mini kai a kasuwa?"

"Taga ce ƙarama," in ji shi, ya fita bai sha shayinsa ba.

Bayan kwana biyar zaren ya iso cikin kwalin ashana, ya bi hannun direba uku. Ja ne, na ulu, da ƙulli biyu. Hattara ya juya shi a hannu, zuciyarsa ta ce masa wani abu, ya yi kamar bai ji ba. Ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya auna, ya ja layi, ya ɓalle gilashin ƙas. Ya goge bakin gilashin, ya naɗe shi cikin kwali da tsohon bargo, ya ɗaure da igiya.

Tun da sassafe yana tasha. Masu lodi suka ce a ɗora kayan a saman bas, tare da buhuna da katifa. Ya dube su kamar sun zagi iyayensa. Ƙarshenta ya kama kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta gilashin, kuma gilashin ne ya samu ta jikin taga. Ya rungume shi da hannu ɗaya. Wata dattijuwa a baya ta leƙo ta ce, "Malam, a gaida mai ɗakin naka. Ba ta magana ne?" Mota ta kwashe da dariya. Ya ce, "Ba ta magana, Hajiya, shi ya sa muke zaman lafiya."

A mararraba aka sauke su wajen hantsi. Daga nan sai ƙaramar mota, irin wadda aka yi don mutum huɗu ake zuba bakwai. Nan ba maganar kujera biyu. Ya tsayar da gilashin a kan ƙafafunsa, ya tallafe shi da ƙirji, haɓarsa a kan bargon. Na kusa da shi wani mai kaji ne, zakaransa ya ɗauki igiyar a matsayin abinci, yana ta sara. Duk ramin da aka faɗa sai Hattara ya ce "Hattara!", har direban ya ce, "Baba, ramukan nan na san su, tare muka girma."

Mota ta ukun ita ce magana. A-kori-kura ce, ranar kasuwar kan dutse kaɗai take hawa, kuma direbanta wani tsoho ne da ake kira Saura Ɗaya, don ko motar ba kowa, in ka tambaye shi zai ce saura mutum ɗaya a tashi. Yana ganin Hattara ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Ashe kana duniya? Na ɗauka zare ne kaɗai ya rage mai zumunci a gidanku."

"Bar tsiya. Yaushe za mu tashi?"

"Saura ɗaya."

Awa biyu suka yi suna jiran ɗayan nan. Saura Ɗaya ya ba shi gaba, albarkacin gilashin. Da aka fara hawa, motar na nishi, hanya na lanƙwasa tana sake lanƙwasa, sai direban ya ce yana kallon gabansa, "Ka san tagar nan ita ke kallon inda nake juyawa? Duk ranar kasuwa ina ganin kanta a ciki, tana duba masu sauka. Tun da ta sa kwali, sai dai ta fito ta tsaya a iska da bargo."

Hattara ya gyara riƙon gilashin, alhali riƙon ba abin da ya same shi.

A wani hawa mai tsayi motar ta ce ta gaji. Kowa ya sauka a tura, kamar yadda aka saba. Hattara ma ya sauka, amma hannunsa ba sarari, sai ya bi bayan masu turi da kayansa a ka, yana ba su umarni. Wani ya ce, "Baba, ko dai ka ajiye sarauniyar ka sa mana hannu?" Ya ce sarauniya ba ta zama a ƙasa. Aka tsallake rafi, ruwa har gwiwa. Inda hanya ta ƙare, Saura Ɗaya ya juya motarsa, Hattara ya kama 'yar siririyar hanyar da ke hawa tsakanin duwatsu, yana tafe yana hutawa. Gwiwar da ta ba shi shawara tana ta ƙorafi, bai kula ta ba.

Tana tsaye a ƙofar gida da bargo a kafaɗa. Ta ƙanƙance. Wannan ne abin da ya fara gani, kuma ya sosa masa rai ƙwarai.

"Wannan tsohon kuma daga ina?" in ji ta.

"Daga inda kika aika zare, Yaya."

Ta kama hannunsa ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta ce ya zauna ya sha ruwa. Ya ce aiki tukuna, rana na tafiya. Gaskiyar magana, so yake ta ga gilashin da ya hau mota uku bai ko tsage ba.

Ɗakin na nan yadda ya san shi: gadon ƙarfe, akwati a ƙarƙashi, kwandon ulu a kan kujera, hoton marigayi ya ɗan karkace. Ya cire jiƙaƙƙen kwalin, ya tsince ragowar tsohon gilashin, ya share katakon. Ya kwance igiya, ya buɗe bargo. Ya ɗaga gilashin da hannu biyu, ya ce "Hattara!" duk da ba kowa a gabansa, ya kai shi bakin tagar.

Ta sama ya rage yatsa biyu. Ta gefe ya rage yatsa ɗaya. Iska ta shigo ta wurin ta busa masa a goshi.

Ya juya gilashin, ya sake gwadawa, kamar juyi zai ƙara masa tsawo. Ya sauke. "Yaya, yaya kika yi awon nan?"

"Yadda ka ce. Na ma ja zaren sosai, don kada ya yi sako-sako."

"Ai shi ke nan! Ulu miƙewa yake in an ja, ya koma in an saki. Ba a awo da ulu, Yaya, kowa ya san wannan."

"Ina zan sani? Ni saƙa na iya." Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wata safa da ba ta gama ba tana duba bakinta. "Ni dai ina jin labari a bakin direba, wai ƙanena ba ya yanka da awon kowa. Wai har gidan wanda bai sani ba yake zuwa da ƙafarsa ya auna. Na ce to madalla. Ni ce dai aka ce in aiko da zare."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kunya ta rufe shi tun daga ka har ƙafa. Ya tsaya riƙe da gilashin yana kallon tagar.

Can ya jingine shi a bango ya fita. Ya samo wani tsohon akwatin katako a bayan ɗakin girki, ya tsaga siraran katako biyu, ya fere su da wuƙa. Ya buga ɗaya a sama, ɗaya a gefe, ya zaunar da gilashin, ya kama shi da ƙananan ƙusoshi. Ya bi gefe-gefe da bayan hannunsa, ba iska. Haske ya cika ɗakin. Daga inda take zaune ana hango a-kori-kurar Saura Ɗaya can ƙasa, ana loda buhuna.

"Kai, ya yi kyau," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Ya zaro tef daga aljihun gaba. "Taso ki riƙe mini nan."

"Me kuma za a auna? Ai an gama."

"Wannan na wucin gadi ne. Ni ba na barin faci a aikina. Riƙe da kyau, kada ki ja."

Ta riƙe bakin tef ɗin tana murmushi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya sake aunawa, ya rubuta a bayan kwalin ashanar nan. Ya ce kasuwa mai zuwa zai kawo na gaskiya.

"To tun da tef ɗin na hannunka," in ji ta, "ta ɗakin girki ma ta tsage tun bara. Ga ta ɗakin yara, ita ma tana rawa."

Hattara ya leƙa tsakar gida ya dubi tagogin biyu. Aikin minti biyar ne, ya sani, ita ma ta sani. Ya naɗe tef ɗin a hankali, ya mayar da shi aljihu, ya danna maɓalli.

"Waɗannan sai wani zuwan, Yaya. Taga ɗaya nake aunawa a tafiya ɗaya."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta goge ido da bakin bargo, ta ce iskar nan ce, ta wuce ta ɗora masa ruwan shayi.