Katantanwar Zdenka a Ruwan Vlasta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah Ya karɓi ran Vlastimil Hrubec a gidansa da ke bayan garin Třeboň, yana da shekara saba'in da tara. Mu Vlasta muke ce masa. Sakataren ƙungiyarmu ta masu kiwon kifin ado ya ce in kawo abin da na rubuta ya gyara mini rubutun kafin a buga. Na ƙi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abokina ne, kuma yadda na san shi haka zan faɗa.

Vlasta, ni mai jan koma ne a tafkunan garin nan, kai direban bas. Tun muna samari nake yi maka dariya a kan kifin da ba ya kai tsawon ɗan yatsa, ba a soya shi, ba a miya da shi. Kai kuma kana ce mini mahaucin tafki. Ba mu taɓa shiryawa a kan wannan ba, ba mu kuma taɓa rabuwa ba.

Duk garin nan an san 'yar kwalbar ruwan khal da ke aljihunka. Ba ka hana kowa kifi, kyauta kake bayarwa, amma sai ka bi shi gida ka ɗiga khal a kan kowane dutse da ya jera a akwatin gilashin da zai zuba kifin. Wanda ya yi kumfa, waje. Ka ce alli ne a cikinsa, zai riƙa narkewa a hankali har ruwan ya yi zartsi, ƙwan kifi ya yi tauri ya kasa ƙyanƙyashewa. Maƙwabcinka Tuma ya yi wata guda ba ya gaishe ka saboda farin dutsen da ya ɗauko daga garin surukansa. Daga baya shi ne ya riƙa kawo maka duwatsu a buhu ka gwada masa.

Ruwanka kuwa kalar shayi ne marar madara. Saiwar itace da ta daɗe a fadama, da busasshen ganyen manyan itatuwan bakin tafki, su kaɗai ka yarda su shiga. Su ne ke tausasa ruwan, ya koma irin na kogunan dajin da kakannin kifayenka suka fito. A cikinsa jan cikinsu da shuɗin layin bayansu ke ƙyalli. Zuriya ɗaya ce a hannunka tun kafin a haifi 'yarka Radka, ba ta taɓa yankewa ba.

Da matata ta rasu na daina tashi da safe. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka shigo da ƙaramin akwatin gilashi da kifaye a ciki ka ajiye a kan teburina, ka ce ko na ƙi cin abinci waɗannan sai sun ci, ka fita. Na zage ka, na kuma tashi.

Abu ɗaya ka hana matarka Zdenka. Katantanwar da kuka tsinto a bakin tekun ƙasar Kuroshiya shekarar aurenku, ta so ƙwarai ta gan su cikin akwatinka na falo. Ka ce katantanwa alli ce zalla. Suka zauna a kwalba a kan kabad, duk Kirsimeti ta tayar da maganar, duk Kirsimeti ka ƙi.

Bayan jana'iza na je duba kifayen kamar yadda ka bar mini wasiyya. Sai na tarar da kwalbar kan kabad babu komai, katantanwar duka suna ƙasan ruwa, farare tas a kan ganyenka. Kifayen sun koɗe, sun taru a lungu, ƙwan da suka zuba ya yi fari. Kuma tsofaffi ne, Vlasta. In wannan zubin da na gaba suka lalace, zuriyarka ta ƙare ke nan.

Ni da ban taɓa jin nauyin faɗa wa kowa gaskiya ba, na zauna na sha miyar kabejin Zdenka har kwano biyu. Kwalbar khal ɗinka tana aljihuna, Radka ce ta ba ni. Na fito da ita na ajiye a kan tebur, shi ke nan abin da na iya.

Zdenka ta dubi kwalbar, ta kira ni da sunan da suka saba kirana, ta ce, "Mayar da abinka, Olda, tsohon banza. Kana tsammanin ban san katantanwar za ta yi kumfa ba? Ni na riƙa cika masa kwalbar nan."

Na ce to me ya sa.

Ta ce, "So nake in ga nawa da nasa a wuri ɗaya, ko na mako guda ne. Na gani. Naɗe hannun rigarka."

Ita ta riƙe kwano, ni na riƙa tsamowa ɗaya bayan ɗaya. Muka sauya ruwan kaɗan-kaɗan da ruwan saman da ka tara a ganga, don kada sauyin ya buge su. Na je bakin tafki na kwaso ganye, ni kaɗai a bana, ba mai ce mini na kwaso ruɓaɓɓe.

Ranar Lahadin da ta wuce Zdenka ta jera katantanwar a kan kabarinka. Ta ce a nan dai ba ka da bakin hanawa. Jiya kuma ta aiko a kira ni. A ƙarƙashin saiwar nan taka akwai 'yan ƙananan abubuwa kamar tsinin allura suna motsi. Sai da na ari tabaranta na gan su, 'ya'yan kifayenka ne.

Allah Ya jiƙanka, Vlasta, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa a inda ruwa ba ya gurɓacewa. Ga Zdenka, da Radka da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan ƙungiyarmu, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Duk wanda ke son kifi daga zuriyar nan ya zo idan sun girma, kyauta ne kamar da. Amma zan bi shi gida, kwalbar tana wurina.

Oldřich Vondra