Yadda Abednego Ya Kai Milka Coci da Fitilu Tsakar Rana

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya wa kowane abu gwargwado, har wutar da ke gudana cikin wayar mota. Bayan haka, wannan labarin Abednego ne, mai gyaran wayarin mota a Kafanchan, wanda ya yi shekaru yana yi wa direbobi wa'azin daidaito, sai ga shi wata rana ya fi kowa ƙetare haddi.

Asalinsa ɗan manoman citta ne daga wani ƙauye kusa da Zangon Kataf. Ya shigo Kafanchan yana saurayi, ya koyi sana'a a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, har ya kafa tasa rumfar. Duk wanda ya kawo masa mota, wajibi ne ya saurari darasi kafin a taɓa ta. Yakan nuna altaneto, na'urar da ke haifar da wuta idan inji yana juyawa, ya ce ita ba ta da hankali: iya gudun inji, iya wutar da za ta kwararo. Sa'an nan ya nuna wani ɗan ƙaramin abu a gefenta mai suna katawut, ya ce wannan ne mai hankalin, shi ke tare wuta kada ta haura abin da batir da fitilu za su iya ɗauka. Direbobi har suka sa masa suna Baba Katawut.

Da aka sa ranar auren 'yarsa Milka da Stanley, jikan wancan tsohon da ya koya masa aiki, sai murna ta ɗauke masa nutsuwa. Ya yi alkawari a gaban dangi cewa a tsohuwar bas ɗinsa zai kai amarya cocin ƙauyensu. Ya zagaye bas ɗin da ƙananan fitilu ja da kore da shuɗi, ya ɗora lasifika a kanta. Da ya kunna, sai ya ga hasken bai gamshe shi ba, domin katawut ya tsufa yana ƙwauron wuta. Ya cire shi, ya haɗa wayar kai tsaye don ya gwada, fitilu suka haska har ya yi tsalle. Ya jefa sabon katawut a aljihun rigar aiki da niyyar ɗaurawa, sai aka kira shi awon kwat.

Fasto kuwa ya riga ya aiko da gargaɗi: yana da wani ɗaurin aure a wani ƙauye, idan rana ta take tsaka amarya ba ta iso ba, zai hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar biki aka cika bas da amarya, da uwarta Afiniki, da matan zumunta riƙe da tuluna da caki. Maƙwabcinsa Jamiluddeen, tsohon direba kuma amininsa, shi ya karɓi sitiyari. Sun yi nisa da gari, hanya ta miƙe, Jamiluddeen ya taka totur. Nan take lasifika ta ɗaga murya ba wanda ya taɓa ta, ƙwan fitila ɗaya ya fashe, wani ya bi shi.

"Baban Milka," in ji Afiniki tana toshe hanci, "motan nan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai fa!"

Abednego ya san warin. Batir ne ya fara tafasa.

Jamiluddeen ya sassauta, ya dube shi ta wutsiyar ido. "Baba Katawut, ina katawut?"

"Yana aljihun rigar aiki."

"Rigar fa?"

"Tana Kafanchan, a kan ƙusa."

Dariya ta kama Jamiluddeen har hularsa ta faɗo kan cinyarsa. "La'ilaha illallahu! Ni da ka tsare a rana kana min huɗuba a kan wannan abin?"

"Daddy, za mu kai ko ba za mu kai ba?" in ji Milka daga cikin farin mayafinta.

Komawa gida na nufin rasa fasto. Gudu kuma na nufin ƙone wayar da inji ke rayuwa da ita, su tsaya a daji. Can sai fuskar Abednego ta washe. Tunda wutar ta yi yawa, sai a ba ta masu ci. Ya kunna manyan fitilun gaba, ya kunna na ciki, ya saki waifa tana sharar busasshen gilashi, ya murɗa lasifika har ƙarshe. Ya ce wa Jamiluddeen ya sa babbar giya don inji ya juya a hankali. Sa'an nan ya zaro ƙwan gwajin wuta daga aljihun mota, ya maƙala wayarsa a jikin wayar wutar bas ɗin, ya riƙe shi a gaban hancinsa, ga shi cikin sabuwar kwat.

"Malam, yau ni ne katawut. In ya yi fari na ce sassauta, ka sassauta. In ya yi ja na ce taka, ka taka."

Haka suka kama hanya. "Sassauta!" "Taka!" "Sassauta, Malam, sassauta, don Allah!" Ba a jima ba matan zumunta suka ga kalmomin sun zauna daidai kan kiɗan tulu, suka mai da su waƙa, rabi na cewa sassauta, rabi na amsawa taka, har amarya ta share hawaye ta shiga amshi. 'Yan acaɓa da suka wuce su suka kai labari gaba cewa ga wata amarya tafe da fitilu a kunne da rana tsaka, ana mata sharar ruwan sama alhali babu ko gajimare. Masu tonon citta suka ajiye fartanya suka fito bakin titi. Masu babura suka bi baya, kowa ya kunna tasa fitilar, suna zaton sabuwar al'ada ce ta mutanen Kafanchan.

A ƙauye kuwa inuwa ta gama shigewa ƙarƙashin ƙafa. Fasto ya ba ango haƙuri, ya hau babur, ya nufi hanyar fita, wadda ita kaɗai ce. Sai ya tarar ta cika maƙil da jama'a suna rawa suna sassauta da taka, a tsakiyarsu bas na tafe kamar an ɗora kasuwar fitila a kan taya. Ya nemi wurin ratsawa bai samu ba. Ya sauka, ya cire hular kwano, aka ga kafaɗunsa sun fara bin kiɗan.

A ƙofar coci Jamiluddeen ya manta da kansa don murna, ya taka totur har ƙasa. Sauran fitilun suka fashe a jere, tas tas tas, inji ya mutu, jama'a suka ɗauki guɗa suna cewa har da wasan wuta aka shirya. Abednego ya fito, ya sa ƙwan gwaji a aljihun kwat, ya kama hannun 'yarsa ya shiga da ita.

Tun daga ranar, masu aurar da 'ya'ya kan zo rumfarsa su ce a yi musu irin na Milka. Yakan ɗaura musu fitilu iya son ransu, amma mota ba ta barin wurin sai ya kira Jamiluddeen ya leƙa da idonsa, ya shaida cewa katawut na nan.