Sawun da Ya Ƙi Sharuwa

Jama'a, yau siminti ya cinye mani kaji!

Kun san ruwan da ake ta zubawa a Ketare. Akurkina ya zama taɓo, 'yan tsaki na nutsewa har ƙirji. Kullum toka nake barbaɗawa, kamar yadda marigayiya Inna ta koya mani. Jiya toka ta ƙare.

Sai ga Malam, maigidana, ya dawo daga aikin ginin makaranta da ragowar siminti a gindin buhu. Ya ce, "Ƙasa ta samu kuɗin mai, ke kina nan kan toka. Da wannan ake kashe taɓo yanzu."

Na ce, "Malam, kaji fa tono suke su ci."

Ya ce, "Dubi launinsa, ai ɗan'uwan toka ne."

Muka barbaɗa, na watsa masu gero a kai.

Da safe na buɗe akurki, shiru. 'Yan tsakin duk suna kwance, maƙoshinsu kamar tsakuwa. Uwarsu, jar kazar da Inna ta bar mani, tana tangaɗi tana kiransu. Dole Malam ya sa mata wuƙa kafin ta yi mushe.

Ya ce a hankali, "Ranar kasuwar Yankara zan sayo maki wata."

Na ce, "Ita ma Inna ce za ta ba ni?"

Taɓon dai ya mutu. Ƙasar ta daskare da sawun 'yan tsakin a kanta. Tun ɗazu nake sa tsintsiya, ya ƙi sharuwa.