Tsinkayen Kawu Kwok

A wani shagon biredi a unguwar Mong Kok muna layin sayen kek ɗin bikin cikar farin wata, tanderun lantarki ya ƙi yin zafi. Mai gyara na tsugune a bayansa, singileti duk maiƙo, farce zaƙo-zaƙo, kwanon taliya a gefe. Da gani ba mai yi masa faɗa a gida.

"Kawu Kwok, waya ce ta ƙone?" in ji mai shagon.

"Ina! Baƙo kika yi."

Ya zura tsinkayen da yake cin taliyar da su, ya zaro ƙonannen ɓera, ya goge su a wando, ya ci gaba da loma.

"Kunna, 'yar nan."

Tanderu ya ɗau zafi. Layi ya matsa gaba, ni kuwa na yi waje.